Himogulobin: Daga Ɗakin Binciken Perutz Zuwa Gidajen Sukuntuni

Himogulobin shi ne furotin ɗin da ke ba jini launinsa ja, shi ne kuma mai ɗauko iskar oksijin daga huhu ya raba wa sassan jiki. Mazauninsa jajayen ƙwayoyin jini, kuma kowace ƙwayar jini guda tana ɗauke da himogulobin kimanin miliyan 270. Ginin kowane ɗaya sarƙa huɗu ce ta amino asid: biyu ana ce musu alfa, kowacce da amino asid 141, biyu kuma beta, kowacce da 146, jimilla 574. Kowace sarƙa ta nannaɗe ta rungume wani ɗan faifai mai suna him, a tsakiyarsa akwai ƙwayar zarra ɗaya ta ƙarfe, a nan ne oksijin ke maƙalewa. Yau wannan bayani darasi ne na ɗalibai a makarantun koyon aikin lafiya irin ta Kankia a jihar Katsina. Shekara ɗari da suka wuce mafi yawansa a duhu yake, kuma mutumin da ya fi kowa shan wahala wajen tono shi, Max Perutz, sai da ya shafe shekara 22 kafin ya ga siffar abin da yake nema.

Ruwan mutanen Kankia da Kusada da wannan bincike a fili yake. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan haihuwar yara masu sikila, kimanin 150,000 a kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da gadon cutar ba tare da ta kwantar da shi ba. Haruffan nan AA da AS da SS, waɗanda yanzu ake tambaya kafin a sa ranar aure har a ƙauyuka irin Sukuntuni, sunayen nau'o'in himogulobin ne da mutum ya gada, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa.

Kafin haruffan su iso, cutar tana nan. Iyaye sun san yaron da hannayensa da ƙafafunsa ke kumbura tun bai yi shekara ba, ya yi ta tsala kuka ba a ga ƙurji ba, ba a ga rauni ba. Sun san wanda idonsa ke yin ɗorawa a ce shawara ce, da wanda cikinsa ke tasowa ta hagu a ce saifa ce, da wanda ƙasusuwansa ke sara da zarar sanyin damina ko hunturu ya shigo, a ce amosani ne ko sanyin ƙashi. Kowace alama da sunanta da mai maganinta: wanzami ya yi ƙaho ko tsaga, maƙeri ko wani gwani ya yi sakiya a kan saifa, a nemo saiwa da sassaƙe a jiƙa. Abin da ba a gane ba shi ne duk alamomin nan cuta ɗaya ce. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya ana cewa tana wabi, a raɗa wa na gaba suna irin Ajuji ko Ayashe ko Allah Ya sa ya tsaya. Wabi yana da dalilai da yawa, daga maleriya zuwa ƙyanda zuwa gudawa, amma sikila na cikinsu, kuma laifin kan uwa ita kaɗai yake faɗawa, alhali rabin gadon daga uba ya fito. Ƙaho da tsaga kuwa, ga yaron da dama jininsa bai ishe shi ba, ƙarin cuta ne.

A littattafan likitancin Turai, cutar ta fara samun shiga a 1910, lokacin da James Herrick na Shikago ya bayyana ƙwayoyin jini masu siffar lauje a jinin wani ɗalibin likitan haƙori, Walter Clement Noel, ɗan tsibirin Giranada. An ga siffar ƙwayar a madubin likita, amma abin da ke lanƙwasa ta ya fi ƙarfin kowane madubi na wancan zamani.

An haifi Perutz a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1914. Ya karanci ilimin sinadarai a jami'ar birnin, sannan a 1936 ya tafi Kambirij ta Ingila, ɗakin binciken Cavendish, ƙarƙashin J. D. Bernal. Sana'ar wurin ita ce haska hasken eksire a kan ƙanƙararriyar ƙwayar sinadari, wato kiristal, a ɗauki hoton yadda hasken ya warwatsu, daga tabban hoton a lissafo inda kowace ƙwayar zarra take zaune. An yi haka da gishiri da ma'adinai masu ƙwayoyin zarra kaɗan an ci nasara. Himogulobin yana da kusan 10,000. A 1937 Felix Haurowitz, wani masanin sinadaran jiki a birnin Firag, ya ba Perutz shawarar ya gwada shi, Gilbert Adair na Kambirij kuma ya samar masa da himogulobin na jinin doki. Hotunan farko sun fito tas, cike da dubban tabbai a jere, amma babu mai iya karanta su.

Matsalar ita ce tabon hoto yana nuna ƙarfin hasken da ya iso wurin, ba ya nuna a wane mataki igiyar hasken take lokacin da ta iso, tana tashi ne ko tana sauka. Rabin bayanin ke nan ya ɓace, kuma ba a iya lissafin sai da shi. Ana cikin haka duniya ta rikice. Hitler ya haɗiye Ostiriya a 1938, iyayen Perutz, waɗanda asalinsu Yahudawa ne, suka rasa dukiyarsu suka zama 'yan gudun hijira. Lawrence Bragg, sabon shugaban Cavendish, ya samo masa tallafin Gidauniyar Rockefeller ya ci gaba da aiki. A 1940 gwamnatin Ingila ta tsare shi a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba, aka tura shi sansani a Kanada, sai 1941 ya dawo. Har an sa shi cikin wani shirin yaƙi na ƙera jirgin ruwa da ƙanƙara gauraye da garin katako, shirin da bai kai ko'ina ba. Bayan yaƙi, a 1947, Hukumar Binciken Lafiya ta Ingila ta kafa ƙaramin sashe na mutum biyu, shi da John Kendrew. Wannan sashe ne Francis Crick da James Watson suka shiga daga baya, a cikinsa kuma suka gano siffar DNA a 1953.

A shekarar 1953 ɗin ce Perutz ya sami mabuɗinsa. Ya maƙala ƙwayoyin zarra na zaiba, wadda take da nauyi ƙwarai, a jikin himogulobin, ya ga ginin kiristal bai canja ba amma ƙarfin tabban ya canja. Ta gwama hoton mai zaiba da marar zaiba ana iya lissafo rabin bayanin nan da ya ɓace. Kendrew ya riga shi cin moriyar dabarar: a 1958 ya fitar da siffar mayogulobin, ƙanen himogulobin mai sarƙa ɗaya da ke cikin tsoka. A 1959 Perutz ya harhaɗa siffar himogulobin, aka buga a 1960, ya ga kowace sarƙa cikin huɗun ta naɗe kusan yadda mayogulobin ya naɗe. A 1962 su biyun suka raba kyautar Nobel ta ilimin sinadarai. A shekarar ce kuma aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda nan gaba za ta shigo cikin labarin.

Yayin da Perutz ke fama da tabbai, wasu sun tunkari sikila ta wata ƙofar. A 1949 Linus Pauling da Harvey Itano da abokan aikinsu a Kalifoniya suka sa himogulobin cikin ruwa suka ratsa shi da lantarki, suka ga na mai sikila yana tafiya daban da na mai lafiya, na iyayensa kuma ya rabu gida biyu. Karon farko ke nan da aka danganta wata cuta da lahani a furotin guda. Wannan gwaji shi ne kakan na'urar da ake gwajin jinotayif da ita yau a ɗakunan gwaji na Katsina da Kano: a ɗiga jini a kan takarda ta musamman, a kunna lantarki, A ya yi gaba, S ya biyo baya, C, wani nau'in himogulobin daban, ya fi su jinkiri. A 1950 Perutz da Murdoch Mitchison suka nuna cewa himogulobin S yana daskarewa ne idan ya saki oksijin. Sai Vernon Ingram, shi ma ɗan gudun hijira daga Jamus da ke aiki a sashen Perutz, ya daddatsa furotin ɗin gunduwa-gunduwa ya baza a takarda, ya ga gunduwa ɗaya ce tak ta bambanta. Zuwa 1957 ya tabbatar da cewa amino asid guda ne ya canja: a gurbi na 6 na sarƙar beta, inda ya kamata gulutamik asid ya zauna, balin ne ya zauna. Gulutamik asid yana da cajin lantarki, balin ba shi da shi, dalilin da ya sa S ke jan ƙafa a kan takardar gwaji ke nan.

Da kyautar Nobel mutane da yawa kan jingine aiki su koma jawabi. Perutz ya ci gaba da himogulobin, domin siffa kawai ya gani, bai ga yadda take aiki ba. An daɗe da sanin cewa idan him ɗaya ya kama oksijin sauran ukun sukan kama cikin sauƙi, idan ɗaya ya saki sauran ma su saki. Wannan haɗin kai shi ke sa jini ya cika da oksijin a huhu ya kuma sauke shi a tsoka. Ɗalibarsa Hilary Muirhead ta gano cewa sarƙoƙin beta suna matsawa nesa da juna idan babu oksijin. A 1970 Perutz ya fitar da cikakken bayani: idan oksijin ya maƙale, ƙwayar ƙarfen takan matsa ta shige tsakiyar faifan him, ta janyo sarƙar da ke riƙe da ita, wasu ƙulle-ƙulle tsakanin sarƙoƙin su kwance, rabin furotin ɗin ya juya a kan ɗaya rabin da kimanin digiri 15. Himogulobin yana da zama iri biyu ke nan, na ɗaurewa idan babu oksijin, na sakewa idan akwai. An yi shekaru ana gardama da shi kan wannan bayani, an kuma gyara wasu sassansa, amma ginshiƙinsa ya tsaya.

A nan ne sikila ta fito fili. A zaman ɗaurewa, wani ɗan gurbi mai gudun ruwa yakan buɗe a jikin sarƙar beta. Balin ɗin nan na gurbi na 6, shi ma mai gudun ruwa, sai ya shige gurbin maƙwabcinsa, wancan ma ya shige na gaba, har su zama dogayen zaruruwa masu tauri, a jere kamar damin kara, su miƙe ƙwayar jinin su lanƙwasa ta. Ƙwayar da ta taurare ba ta iya ratsa ƙananan jijiyoyi, sai ta toshe hanya, naman da ke gaba ya rasa oksijin: ciwon ya tashi ke nan. Tana kuma saurin fashewa. Lafiyayyar ƙwayar jini takan yi kwana 120, mai sikila kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jinin ba ya isa, ragowar fasassun ƙwayoyin kuma su rina ido. A 1974 James Hofrichter da William Eaton a Amurka suka gano cewa zaruruwan ba sa haɗuwa nan take, akwai ɗan jinkiri, kuma jinkirin yana raguwa ƙwarai da gaske idan himogulobin ya yi kauri a cikin ƙwaya. Idan ƙwayar ta koma huhu kafin jinkirin ya ƙare, ta tsira. Shawarar nan da ma'aikatan asibiti ke nanatawa, a riƙa ba yaro ruwa da yawa, a kiyaye shi da zafin rana da zazzaɓi da gudawa, tushenta ke nan, kuma shi ya sa ake so mai sikila ya tuntuɓi likita kafin ya ɗauki azumi a watannin bazara.

Saura tambayar da ta fi damun masana gado: me ya sa cutar da ke kashe yara kafin su girma ba ta ƙare ba? Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya amsa a 1954. Yaro mai AS ya fi mai AA tsira daga maleriya mai tsanani, kariyar da bincike na baya ya kiyasta da kusan kashi 90 cikin 100. A ƙasar da sauro ke kashe yara, gadon S guda ɗaya garkuwa ne, biyu kuma masifa. Himogulobin C, wanda shi ma canji ne a gurbi na 6 ɗin, ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, don haka Hausawan zango-zango na can sun fi na gida haɗuwa da nau'in SC. Hermann Lehmann, wanda ya yi aiki a Yuganda kafin ya koma Kambirij, ya tattara nau'o'in himogulobin daga ko'ina, wasu har suna ɗauke da sunayen wuraren Afirka ta Yamma, kamar Korle-Bu da Ibadan. A 1968 shi da Perutz suka ɗora waɗannan nau'o'i a kan siffar furotin ɗin suka nuna dalilin da ya sa wani canji ke kawo cuta wani kuma ba ya komai.

Ƙasar Hausa ta ba da nata kason a wannan ilimi, kuma kaso ne mai nauyi. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da babban binciken maleriya a ƙauyukan Garki, a jihar Kano ta wancan lokaci, Jigawa a yau. Alan Fleming, malamin ilimin jini a Jami'ar Ahmadu Bello, da abokan aikinsa suka duba himogulobin na mutanen wurin, suka buga sakamako a 1979. Masu AS kashi 24 cikin 100 ne a jarirai, amma kashi 29 a waɗanda suka haura shekara biyar, alamar cewa maleriya ta fi ɗibar masu AA. Masu SS kuwa kimanin kashi 2 cikin 100 ne a jarirai, a cikin manya kuma da ƙyar ake samun ɗaya. Ma'anar wannan a bayyane take: kusan duk yaron da aka haifa da sikila a waɗancan ƙauyuka bai kai ga girma ba. Har yau masana na kafa hujja da alƙaluman Garki idan ana maganar abin da cutar ke yi inda babu magani. A shekarun nan ne kuma aka yi wani binciken cututtuka a Malumfashi, kudu da Kankia, da haɗin gwiwar jami'ar ta Zariya da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful. Garki da Sukuntuni yanayinsu ɗaya, ƙasar gero da dawa da gyaɗa, damina gajeriya mai tafe da sauro, don haka hoton da aka ɗauka a can bai yi nisa da na nan ba.

Abin da ya sauya wannan hoto, in za a faɗi gaskiya, ba daga siffar furotin ya fito kai tsaye ba. Cutar takan lalata saifa tun yaro yana ƙarami, saifa kuwa ita ke tace ƙwayoyin cuta daga jini. A Jamaika, Graham Serjeant ya bi yaran da aka gwada tun ranar haihuwa daga 1973, ya nuna cewa koya wa uwa taɓa cikin ɗanta ta ji ko saifa ta kumbura yana ceton rai. A 1986 binciken Marilyn Gaston a Amurka ya nuna cewa shan fenisilin kullum yana rage mummunar cutar nimoniya da ta jini da kashi 84 cikin 100. Sai folik asid, da maganin rigakafin maleriya, da gidan sauro, da allurar rigakafin nimoniya da ta shiga jadawalin yaran Najeriya daga ƙarshen 2014, da rabon maganin maleriya na damina gida-gida wanda aka fara gwadawa a jihar Katsina a 2013. Duk abubuwa ne masu araha, kuma su ne suka sa yanzu ake ganin masu sikila a makarantun sakandare da jami'o'i, har da gidajen aurensu.

Magani na farko da ya taɓa tushen cutar ma ta bayan gida ya shigo. Tun 1948 wata likitar yara a Niyok, Janet Watson, ta lura cewa jinin jarirai ba ya lanƙwasa, domin suna da himogulobin na tayi, wanda ake kira F, marar sarƙar beta. Sai ya ja baya, wajen wata shida, cutar ke bayyana. Haidiroksiyuriya tsohon maganin kansa ne da aka ga yana farfaɗo da F. Binciken 1995 ya nuna yana rage tashin ciwo da kusan rabi, Amurka ta amince da shi a 1998. A nan ma Arewa ta yi abin a zo a gani. Kimanin yaro ɗaya cikin goma masu SS kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20. A ƙasashe masu arziki ana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na'ura, wanda aka ga yana cikin haɗari a riƙa yi masa ƙarin jini kowane wata. Wannan ba mai yiwuwa ba ne inda jinin ma sai dangi sun bayar. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, cikinsu da Najibah Galadanci da Shehu Abdullahi, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, suka gwada haidiroksiyuriya a madadin ƙarin jini, a Kano da Kaduna. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna cewa ko ƙaramin awo na maganin yana kare yara daga shanyewar jiki. Wannan bincike ya amfani Afirka baki ɗaya, kuma ba nesa da Kankia aka yi shi ba, tafiyar 'yan sa'o'i ce.

Magungunan da aka ƙera bisa siffar himogulobin kuwa, labarinsu bai yi daɗi haka ba. Perutz da kansa ya shiga neman su a shekarun 1980 tare da Donald Abraham, suna duba inda ƙananan sinadarai ke maƙalewa a jikin furotin ɗin. Dabarar mai sauƙin faɗi ce: a riƙe himogulobin a zaman sakewa, gurbin nan ba zai buɗe ba, zaruruwa ba za su haɗu ba. Wahalar ita ce yawan himogulobin a jiki, kusan gram 700 zuwa 800 a babban mutum mai lafiya, ga kuma haɗarin hana shi sakin oksijin inda ake bukata. Perutz ya rasu a Fabrairun 2002, yana aiki kusan har ƙarshe, a lokacin ya koma kan cutar Huntington. Sai 2019 aka amince da maganin Oxbryta mai aiki da wannan dabara, a Satumbar 2024 kuma kamfanin Pfizer ya janye shi daga kasuwa saboda alƙaluman da suka nuna ƙarin tashin ciwo da mace-mace. A gida an yi wani yunƙuri na daban: cibiyar binciken magunguna ta tarayya da ke Abuja, ƙarƙashin Charles Wambebe, ta haɗa Niprisan daga tsirrai huɗu, uku cikinsu sanannu ne a kowace kasuwar ƙasar Hausa, masoro da kanumfari da ganyen dawa. An ƙaddamar da shi a 2006 da sunan Nicosan, kamfanin da ya karɓi lasisin ya durƙushe bayan 'yan shekaru, maganin ya yi wuyar samu.

Warkewa ɗungurungum tana yiwuwa ta dashen ɓargo, wanda aka fara yi wa mai sikila a Najeriya a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin Nosakhare Bazuaye. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, wanda ke gyara ƙwayoyin ɓargon majiyyaci da kansa su koma yin himogulobin F. Kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Ga manomin Kusada wannan labari ne na rediyo.

Abin da ya iso ƙauye da gaske shi ne gwajin jinotayif, kuma ya iso ne ta ƙofar aure. Lissafin ba shi da wuya. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zama SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Kowane ciki da nasa rabon: samun mai sikila na farko ba ya kare na biyu, akwai gidan da 'ya'ya huɗu suka kuɓuta, akwai wanda uku suka kamu. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar S da S idan gadon yana cikin dangi, amma ɗora masa laifin duka kuskure ne. Inda mutum ɗaya cikin huɗu ke da AS, aure ɗaya cikin 16 zai haɗa masu AS biyu ko da ba su haɗa kaka ba, wanda ke ba da haihuwa ɗaya cikin 64, kusa da abin da aka gani a Garki. Limamai da dama yanzu suna neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure, jihar Kano kuma ta mayar da gwajin doka a 2024, tare da na ƙanjamau da ciwon hanta.

Ci gaba ne, amma yana da ramuka. Gwajin yakan zo a makare, bayan an yi baiko an haɗa lefe, lokacin da fasawa ta zama abin kunya ga gidaje biyu, har wasu su nemi takardar da za ta faɗi abin da suke so. Gwajin ya dace a yi shi tun yaro yana makaranta, kafin zuciya ta kama wani. Akwai kuma matsalar inganci: gwajin nan mai sauri da ke nuna akwai S ko babu ba ya rarrabe AS da SS, wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku kuma sakamakonsa na iya ruɗarwa, don haka maimaita gwaji a wuri na biyu ba ɓarnar kuɗi ba ce. Sannan akwai tsangwama. Mai AS lafiyayye ne, ba majiyyaci ba, kuma mai SS da ta auri mai AA ba za ta haifi mai SS ba, amma sau da yawa budurwa mai sikila takan rasa manemi saboda jahiltar wannan.

Tsawon rai ya zo da nasa matsalolin da kakanni ba su sani ba, domin a da yaran ba sa kaiwa shekarun da za su bayyana: lalacewar kan ƙashin cinya har tafiya ta gagara, gyambon idon sawu da ba ya jin magani, ciwon ƙoda, matsalar ido, da haɗarin goyon ciki, wanda ke bukatar awo da haihuwa a asibitin da ke da jini a ajiye. Daga Sukuntuni hanyar takan fara daga ƙaramin asibiti, zuwa babban asibitin Kankia, daga nan Katsina ko Kano, kuma kowane zango da kuɗin mota da na magani.

Gurbin da ya fi girma shi ne na gwajin jarirai. Mafi yawan yaran karkara a gida ake haihuwarsu, ba a sanin suna da sikila sai ciwon farko ya tashi, wani lokaci ciwon farkon shi ne ajali. Yanzu akwai ɗan tsinken gwaji da ke rarrabe A da S da C daga ɗigon jinin dunduniya cikin mintuna, ba ya bukatar lantarki. Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja da abokan aikinta sun gwada shi a wuraren allurar rigakafi na Gwagwalada, suka buga sakamako a 2020 da ke nuna cewa ma'aikatan ƙananan asibitoci na iya yin sa a ranar da uwa ta kawo jariri allura. Jaririn da aka gano ta haka ana fara ba shi fenisilin tun yana wata biyu zuwa uku, a cika masa alluransa, a koya wa uwarsa taɓa saifa da gane zazzaɓin da ba a kwana da shi a gida, duk kafin himogulobin F ya ja baya.